Dogara da Ƙafar Hagun Tuliyo

Idan Dogara yana jiran wani, ba ya zama a cikin mota. Yakan fito, ya kamo ƙafarsa ta dama ta baya da hannu, ya tsaya a kan ta hagu yana kallon titi. Mumin, mutumin Zangon Kumasi ta Ghana mai gadin wani bene a unguwar Nu'aija ta Doha, shi ya sa masa suna Shamuwa, kuma Dogara bai taɓa ƙin amsawa ba.

Dogara mutumin Gumel ne. Ya yi shekara ashirin yana jan babbar mota tsakanin Kano da Maiduguri kafin ya zo Doha, ya samu aikin tuƙi a wani kulob na ƙwallon ƙafa. Abin da ba ya cikin takardunsa shi ne, a zamanin samartakarsa babu wanda ya taɓa kayar da shi a langa a duk ƙauyukansu.

A farkon shekarar 2020 aka tura shi filin jirgi ya ɗauko sabon ɗan wasa, Tullio Marenga, ɗan Italiya mai tsaron baya, ɗan shekara ashirin da biyu. Dogara ya gwada sunan sau biyu, ya tsaya a kan Tuliyo. Tun yaron yana ɗan shekara goma sha tara ake yabonsa a ƙasarsu, sai gwiwarsa ta hagu ta tsinke, aka yi tiyata, kulob ɗinsa ya sallame shi. Nan Doha ne kawai aka ce ya zo a gwada shi wata shida. In ya yi, a ba shi kwantiragi. In bai yi ba, akwai gidan burodin kawunsa yana jiransa.

Bai kai ga buga wasa uku ba korona ta shigo, aka rufe komai. Aikin Dogara ya koma kai masa cefane benen da Mumin ke gadi. A nan ya lura da yadda Tuliyo ke saukowa matakala: dama ce ke fara taka ƙasa, hagu ta biyo baya a hankali kamar baƙuwa.

Da guntun Turanci da guntun Larabci suke magana.

"Tana ciwo?"

"A'a, Baba. Likita ya ce ta warke sarai."

"To ita an gaya mata?"

Tuliyo ya yi dariya, sannan ya daina.

Washegari da sanyin safiya Dogara ya zo da alli, ya ja layi biyu a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin benen. Ya kama ƙafa ɗaya, ya yi tsalle daga wannan layi zuwa wancan, tsoho da takunkumi a fuska, hularsa tana rawa.

"Wannan wasan yaranmu ne," in ji shi. "Ba na manyan 'yan ƙwallo ba ne. Kai dai ka riƙe mini hula."

Ba a yi minti biyar ba Tuliyo ya ajiye hular, ya kama ƙafar hagu zai tsaya a kan dama.

"Ba ita ba. Ɗayar."

Ya tsaya daƙiƙa huɗu, ya dafa bango.

Mumin ya leƙo daga ɗakin gadi. "Kai, Baba Shamuwa! In ƙafar Baturen nan ta karye, kafil, ubangidan da ya kawo ka ƙasar nan, zai sa ka a jirgi da silifas ɗinka!"

Dogara ya san gaskiya ya faɗa. Sai ya ce da Mumin ya cire takalmi ya zo, domin langa ba ta yiwuwa sai da wanda za a ture.

Haka suka ɗauki wata uku. Da farko tsayuwa, sannan tsalle, sannan kafaɗa da kafaɗa. Mumin da tumbinsa shi ya fi shan ƙasa, kullum yana cewa simintin ne ke da santsi. Wata rana Dogara ya zo wa Tuliyo ta gefen hagu ba sanarwa. Tuliyo ya kafe, ya mayar da kafaɗa, tsohon ya zauna daɓas. Ya jima a zaune yana kakkaɓe wando.

"Shekara talatin da biyar rabona da wannan zama," in ji shi. "Saura ƙafar dama. Ɗan langa na gaske da kowace ƙafa yake yi."

"Yalla, mu je yanzu!" in ji Tuliyo.

"Ba yau ba. Juma'a."

Da likitan kulob ya ji labari ta waya, sai ya ce ai tsayuwa da ƙafa ɗaya shi ne atisayen da ya rubuta wa Tuliyo tun watan Maris, bai taɓa yi ba. Dogara ya ce ƙila takardar ce ba ta iya ture mutum.

A watan Yuli, kafin a dawo gasa, koci ya haɗa wasan gwaji a filin da babu 'yan kallo. Dogara yana bayan wayar shinge, a kan ƙafa ɗaya. Wani ƙaton ɗan gaba ya kwaso ƙwallo ya nufo Tuliyo ta hagu, domin kowa ya san ta nan ake wuce shi. A cikin shirun filin aka ji wata murya da Hausa: "Ture shi!" Tuliyo ya kafe a kan hagu ya sa kafaɗa, ɗan gaban ya sha ƙasa, ya tashi yana neman alƙalin wasa, alƙali ya ce a ci gaba. Da yamma aka kira Tuliyo ofis, ya fito da kwantiragin shekara biyu da rabi.

Daga nan Juma'a ta riƙa zuwa da wasa ko tafiya, langar ƙafar dama ba ta samu ba. A watan Maris na 2022, cikin mako guda, Italiya ta rasa gurbin gasar cin kofin duniya da za a buga a Doha, Ghana kuma ta fitar da Najeriya. Mumin ya sayi tutar Ghana ya rataya a ƙofar ɗakin gadi.

"Sannunku, marayun Doha! Kofi ya zo har ƙofar gidanku, ku kuna leƙe ta taga. In kuna so in aro muku riga."

Da gasar ta zo, marayun biyu suka sha shayi a kasuwar Souq Waqif suna kallon tutocin mutane. Ranar da aka fitar da Ghana, Dogara ya je ya yi wa Mumin gaisuwa har da zaunawa a ƙasa.

A wannan makon ne wani kulob na Italiya ya kira Tuliyo. Shi da Dogara suka sa ranar Juma'a domin ƙafar dama, Dogara har ya sayi sabon alli. Sai aka ce ana son ganin Tuliyo wurin likitocin kulob ɗin a Italiya ranar Alhamis.

A filin jirgi Tuliyo ya rungume shi. "Baba, saura dama."

"Juma'a," in ji Dogara. "Khalas, shi ke nan, je ka, kada su rufe ƙofa."

Ya ga yadda Tuliyo ya hau matakalar shiga, hagu a gaba.

Allin yana nan a aljihun gaban mota, ba a ɓare takardarsa ba. Mumin ya ce a ba shi ya riƙa rubuta lambar motoci, Dogara ya ce yana da mai shi.