Kwabon Cibiyar Inna

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai mahaifiyarmu, Inna Hauwa, makwancinta a Makka. Ba ta bar gida ko gwal ba. Abin da ta bari wani kwabon tagulla ne da kakanmu ya samo a Sudan, kan hanyarsu ta zuwa hajji a ƙasa.

Inna ungozoma ce a unguwar Mansur, nan Makka. Duk jaririn da cibiyarsa ta turo, sai ta naɗe kwabon a tsumma ta ɗaure masa a ciki. Mu uku duk mun sha wannan ɗaurin: ni, da ƙannena Sale da Habu.

Bayan rasuwarta ne ɗan Habu ya binciko a waya cewa kuɗin Rumawa ne na dā. Gefe ɗaya kan sarki ne, ɗaya gefen kuma 'ya'yansa biyu suna musabaha. Na tuna an taɓa nuna wa Inna fuskar, ta ce, "Ko sarki ne, wata ce ta yanke masa cibiya."

Daga nan rigima ta tashi. Sale ya ce hoto ne, camfi ne, a jefar. Habu ya ce kayan uwarsa ba ya zuwa bola, ya sa a aljihu. Magana ta yi tsami har gaisuwa ta yanke. Habu ya koma unguwar Zahir da iyalinsa, Sale bai taɓa taka gidan ba.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da zamanin nan. Yanzu a asibiti ake haihuwa, likitoci kuma sun ce cibiya da kanta take komawa. Ina jin ba za ta yi musu da su ba. Gabar 'ya'yanta ce za ta hana ta barci, ni ma ta dame ni.

Watan jiya aka haifa wa Sale jika, cibiya ta turo. Ya zo gidana, ya sha shayi, ya yi ta kewaye-kewaye. Sai da ya miƙe ya ce, "Yaya, abin nan na Inna, yana nan?"

"Yana wajen Habu."

Ya daɗe yana kallon takalminsa. "Tayyib, to. A wane layi yake?"

Na kwatanta masa. Ban sani ba ko kwabon ya taɓa gyara cibiyar kowa, amma ranar ya kai Sale ƙofar ƙanensa. Allah ya jiƙan Inna.