Kwalbar da na ƙi girgizawa

Allah ya ƙara wa 'yan kasuwar Wudil wayo. Mu ne ake kawo wa nono mu tsoma yatsa mu faɗi ruwan da aka sirka masa, na rijiya ne ko na kogi. Wannan baiwar ce ta kusa kai ni kushewa ina ɗan shekara goma sha takwas, kuma sama da shekara sittin kunya ta hana ni ba kowa labarin.

Shekaranjiya matar jikana ta dawo da kwalbar maganin da aka haɗa wa jaririyarta musamman. Ta ɗaga ta a haske ta ce, "Alhaji, dubi cuta, rabi duk ruwa ne."

Shi ya sa yau zan yi magana.

Ana saura kaɗan a samu 'yancin kai ne, ina koyon dillanci a kara, kasuwar shanu. Wata Juma'a sanyi ya rufe ni da rana tsaka. Kafin Lahadi haƙarƙarina kamar ana soka mini tsinke, ga tari, maƙogwaro ya kumbura ko koko ba ya wucewa sai da hawaye. Inna ta yi sirace, ta yi jiƙo, abu sai gaba yake.

Yayana Sule ya goya ni a keke zuwa ɗakin shan magani. A lokacin kowa da kwalbarsa yake zuwa.

Mai ba da maganin, Malam Disfensa muke ce masa, ya saurari ƙirjina, ya ba ni ƙwaya. Na yi ƙoƙarin haɗiyewa, ta dawo. Ya ce, "Ba za ta wuce ba. Bari in haɗa maka naka."

Ya daka ƙwayoyin a wani ɗan farin turmi, ya auna garin a sikelin da bai fi tafin hannu ba, ya zuba a kwalbata, ya cika da ruwa. Ya manna takarda mai gaɓa-gaɓa a jikinta.

"Kowace gaɓa ta sha sau ɗaya ce, maganin na kwana biyar ne. Ka girgiza kafin ka sha. Kuma ka sha ruwa kamar raƙumi."

Ina jin sa, amma hannunsa nake kallo. Gari kaɗan, ruwa da yawa.

Da muka isa gida garin ya kwanta a ƙasa kamar gasara. Na ce, "Inna, kin ga algus? Ruwan randa ya ɗura mana."

Ta ce, "Kai dai Ɗanjuma, wanda ya haɗa ya fi ka sani."

Na faki idonta na tsiyaye ruwan a bayan rumbu. Garin na lashe shi tas cikin kwana biyu. Ruwa kuwa na ƙaurace masa, wai kada ya sirka maganin a ciki.

Zazzaɓi ya sauka. Har na fara cika baki.

Sai baya ya ƙulle. Na tsuguna, fitsari ya fito ja kamar zoɓo. Daga nan ya ɗauke ɗif.

Wuni guda, kwana guda, babu ko ɗigo. In ɗauki buta in shiga, in fito da ita yadda take. Fuskata ta kumbura. Ban gaya wa kowa ba, ina ta lissafin wa zai yi mini wanka.

Inna ce ta lura. Ta ce, "Tun jiya butar nan ba ta ragu ba."

Aka koma da ni. Malam Disfensa bai tambaye ni komai ba, kwalbar ya ce a ba shi. Ya juya ta, ya dube ni.

"Ɗan dillali, mai tallan nono ka ɗauke ni? Ruwan da ka zubar shi ne ma'aunin. Garin nan in bai samu ruwa ba yashi yake zama a ƙoda."

Ya rubuta takarda, ya ce a nemi motar Kano yanzu.

A babban asibiti aka ɗebi jinina, aka zura mini roba, aka yi ta ɗura mini ruwa da awo. Kowace safiya nas ta ɗaga kwanon da ke ƙarƙashin gadona, ta leƙa, ta mayar. Mutumin da ke gadon kusa da ni aka lulluɓe shi ina kallo. Na ji likita yana gaya wa Yaya Sule, "In fitsarin bai sauko zuwa jibi ba, sai addu'a."

Rana ta uku da hantsi na ji zafi kamar an ja ƙaya. Ɗigo ya sauka a kwanon. Na biyu ya biyo.

Inna, matar da ko sunan abin ba ta iya faɗa a gaban mutane, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin maza.

Mako uku na yi. Sai da Yaya ya sayar da kekensa.

Da na dawo, duk wanda ya tambayi Malam Disfensa sai ya ce, "Ciwo ne ya yi gardama." Har ya bar garin bai tona mini asiri ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna da Yaya Sule. Alhamdu lillahi da ya ara mini waɗannan shekaru.

Don Allah, in an haɗa muku magani, ku bi awon da aka ba ku. An ce a girgiza, a girgiza. Kada a tsiyaye, kada a ninka, kada a ba wani abin da aka auna don jikin wani. In kuna zargi, ku koma ku tambayi wanda ya haɗa. Fitsari kuma in ya ɗauke, ba abin ɓoyewa ba ne.

Matar jikana dai a gabana ta girgiza tata kwalbar. Ku kuma masu wayo irina, wa ya taɓa jin an yi wa mai magani wayo, kuma mai maganin ne ya kwanta?