Akwatin da Rugugi Ya Zaɓa

Ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Rugugi ake ce masa, domin in ya ja tsirkiyar ƙasa ta jitar bes ɗinsa mai kaurin murya, ba a kunne kake jin ta ba, a ƙirji take saukar maka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba, a dandali kullum yana can baya kusa da mai ganguna. Jama'a Dogo suke kallo, mawaƙin ƙungiyar, wanda tun suna samari suke tare, har taguwa ɗaya sun taɓa sawa bi da bi.

Rugugi yana da wani akwatin sifika da ake wa laƙabi da Giwa. Kafinta ne ya haɗa masa shi da katako mai kauri, manyan sifiku biyu a cikinsa, nauyi kuwa sai wanda ya taɓa. Dokar ƙungiya ita ce kowa ya ɗauki kayansa, kuma Rugugi ne ma ya kafa ta lokacin da ƙarfi ke cinsa. Haka yake saɓa Giwa a baya, ya hau da ita benen da suke gwaji a saman shagon tela, ya sauko da ita ran tafiya. Ya yi furfura a ƙarƙashin akwatin nan.

To, jiki ba ƙarfe ba ne. Wata safiya ya sunkuya zai sa takalmi, baya ya riƙe. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce ko ya bar ɗaukar nauyi, ko a wayi gari shi ake ɗauka. Ba ciwon ne ya hana Rugugi sukuni ba, tsoron rasa gurbinsa a ƙungiya ne, don bai iya wata sana'a ba.

Da ya gaya wa Dogo, sai Dogo ya dafa kafaɗarsa. "Haba mutumina! Shi ne kake ta ɓoye-ɓoye? Yanzu ai akwai marasa nauyi. Je ka zaɓo wanda ya kwanta maka, ƙungiya za ta saya. Mu kunnenka kawai muke so."

Rugugi ya koma gida idonsa cike da ƙwalla, ya ce wa matarsa har yanzu akwai mutanen kirki a duniya.

Sai ku zo ku ga zaɓe! Mai shagon kayan kiɗa har ya gaji da ganinsa. Rugugi zai zo da jitarsa da ƙaramar amfilifayarsa mai tura sauti zuwa sifika, ya jona, ya cire takalmi ya tsaya a gaban akwatin, don shi da tafin ƙafa yake saurare. Na farko ba nauyi ko kaɗan, amma da ya ja tsirkiyar ƙasa sai ya hau karkarwa kamar gwangwanin madara. Rugugi ya yi tsaki ya zare waya. Na biyu mai ƙananan sifiku huɗu ne, muryarsa daɗi, amma da ya ɗaga shi bayansa ya tuna masa da likita. Mai shago ya ce ai nauyin duk na katako ne da maganaɗisun da ke bayan sifika, kuma akwai wani da aka yi da siririn katako mai ƙwari da sabon maganaɗisu ɗan mitsitsi. Ya jawo shi daga lungu. Sifika ɗaya ce tal a ciki, Rugugi ya kalle shi a raine. Da ya kaɗa, sai ya ji siminti yana motsi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya sa hannu ɗaya ya ɗaga shi, ya zagaya shagon da shi yana dariya kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Ran da za a saya, Dogo ya zo da Mai Fiyano na ƙungiyarsu. Mai Fiyano ma ya ɗaga akwatin ya jinjina, sannan ya ce, "Yaya, bari in jona fiyano, mu ji kawai." Ya danna muryoyin ƙasa da hannun hagu, suka fito a cushe. Rugugi, bawan Allah, shi ne ya durƙusa da bayan nan nasa, ya murɗa wannan ya rage wancan, har sautin ya zauna daram. Dogo da Mai Fiyano suka kalli juna, shi kuwa ya ɗauka murna suke taya shi.

Bayan kwana biyu Dogo ya ce ɗakin gwaji ya yi musu kaɗan, ga mai gidan kallon ƙwallo yana neman sifika, a ba shi Giwa a huta. Matar Rugugi ta ce, "Maigida, kada ka saki reshe ka kama ganye. Giwa taka ce, wancan na mutane ne."

"Dogo ne mutane?" in ji shi. Ya sa aka kai Giwa a baro, ko waiwaye bai yi ba.

Ranar tafiya wasa ya iso da hantsi, jita a kafaɗa, ya sha wanki da guga. Ya tarar an riga an loda mota. Sabon akwatin yana ciki, an ɗaure shi tare da fiyano. A kujerar da ya saba zama an jibge jakunkuna. Mai ganguna ya gaishe shi bai ɗago kai ba.

Dogo ya ja shi bayan mota. "Mutumina, ka san likita ya ce ka huta. Mun duba, mun ga Mai Fiyano zai iya riƙe bes da hannun hagu. Tafiya ta yi maka yawa yanzu."

"Ai na samu mara nauyi, Dogo. Da hannu ɗaya nake ɗaukarsa."

"Na ƙungiya ne ai."

Rugugi ya ce, "Tun yaushe?"

Dogo ya hau duba taya. Mai ganguna ne ya leƙo ta taga ya ce, "Wallahi Yaya, tun kafin bayanka ya riƙe suke gwadawa. Sautin ne ya ƙi fita a sifikun waƙa, kuma duk cikinmu ba mai kunnen zaɓen akwati sai kai."

Wai har Dogo yana da bakin cewa, "Ka kuwa zaɓa mana mai kyau, Allah ya saka." Kai, wasu mutane ba su da ta ido! An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Da korarsa suka yi kai tsaye, da ya haɗiye. Abin da ya ƙona masa rai shi ne da ƙafarsa ya je, da kunnensa ya zaɓa, da hannunsa ya saita musu. Motar ta tashi, ya ga akwatin ta gilashin baya.

Daga nan ya nufi gidan kallon ƙwallo, ko Giwa za ta dawo. Ya tarar an farke ta, an rataye sifika ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan, katakon kuma an yi benci da shi, wani yana zaune a kai yana yanke farce.

Ya koma gida ya zauna a bakin gado. Amfilifaya na gefe, wayarta a ƙasa, ba inda za a jona ta. Ya ɗora jitar a cinya, yatsunsa suka shiga bin waƙar da suka saba buɗe wasa da ita, amma da yake ba akwati, sautin bai wuce cinyarsa ba. Matarsa ta ɗaga labule, ta ga idonsa, ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta zauna a bakin ƙofa da tiren shinkafar da take tsincewa.

"Maigida, ka ɗan kaɗa mana mana, ko zuciyarka ta yi sanyi."

Ya ce, "Ai tun ɗazu nake kaɗawa."