Abin da Na Faɗa a Nairobi

Ana idar da sallar asuba muka ja akwatunanmu zuwa tashar Woolwich a Landan, ni da 'yata mai shekara goma sha biyar. Da yawanku ba ku sani ba, domin ni na ɓoye muku: shekararta shida tana kaɗa violin, wato gogen Turawa, a ƙungiyar makaɗa ta matasan yankinmu. Ƙungiyar ce za ta je Kenya ta yi wasa, a kuma kai yaran kallon namun daji, ana neman iyaye 'yan rakiya. Mahaifiyarta ce ta yi booking ɗin rakiyar, amma a wurin aiki aka soke hutunta, sai abin ya faɗo kaina.

A filin jirgin Heathrow muka haɗu da sauran, yara wajen arba'in da malamansu da iyaye biyar. Ni kaɗai ne baƙar fata a cikin iyayen, don haka tun a layin awon kaya na naɗa kaina masanin Afirka. Na ce su shirya wa zafi. Wata uwa ta tambaye ni ko na saba ganin zaki, na ce ai tare muka tashi. Gaskiyar magana zaki ɗaya na taɓa gani, a keji a Kano, kuma barci yake yi.

Sai ga mu a Nairobi kowa na laluben rigar sanyi, ana kallona. Garin yana da tsayin gine-gine da cunkoso mai sa mutum ya yi wa Landan uzuri. Motocin hayarsu an zane su tun daga sama har ƙasa, kiɗa na tashi kamar gidan biki. Tuwon masararsu ya fi namu tauri, kuma da ganye ake ci, ba miya. Gasasshen namansu kamar balangu ne da aka manta ba a sa masa yaji ba. Shayinsu kuwa mai kauri ne da madara, kuma kofi uku ba su kai kuɗin ɗaya a bakin tasharmu ba.

A kwana na uku aka yi wasan farko, bayan la'asar, a ɗakin taron wata makaranta. Na tsaya can baya da sunan gadin kaya. Haka nake yi a Landan ma, in ajiye ta in koma mota in jira. A gidanmu a Zariya mai goge ba abokin zama ba ne, da bori ake haɗa shi da gidan giya, kuma wannan tunanin bai taɓa barina ba.

Da aka tashi, wani dattijo ya hango hulata ya nufo ni da sallama. Bakatsine ne, ya daɗe yana aiki a garin. Muka gaisa har da tambayar mutanen gida. Sai ya ce, "Malam, waccan mai mayafin da ke layin gaba, kamar 'yar gida. Taka ce?"

Kafin in yi wani tunani bakina ya riga ni. "A'a Alhaji, ni dai rakiya aka ce in yi. Ban ma san iyayenta ba."

"Kash," in ji shi. "Da na so in yi musu barka. Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Na ga idonsa ya wuce kafaɗata, na juya. Tana tsaye a bayana da gogen a hannu, ashe ta zo ne ta gaishe da baƙon. Yarinyar da ko an yi mata Hausa, da Turanci take amsawa, ta rusuna ta ce, "Ina wuni, Baba." Ya amsa yana ta sa mata albarka. Ba ta dube ni ba, ta wuce. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Washegari muka kama hanyar dajin Mara, tafiyar wajen awa shida. Akwai inda titi ke bin gefen dutse, ka ga kwari shimfiɗe har iya ganinka. Ƙarshen hanyar kuwa gargada ce, sai da na ji kowane ƙashi na jikina. 'Yata kuwa wata motar ta shiga daban.

Mun ga raƙuman dawa da jakunan dawa da ɓauna ba adadi, da zakuna kwance a inuwa. Wata giwa ta matso motarmu har ina jin hucinta. Matar nan da ta yi min tambayar zaki ta juyo ta tambayi masanin Afirka abin yi, ta same shi ya ƙanƙame kujera yana salati. Aka yi ta dariya, ni ma na yi yaƙe. Amma hankalina yana kan motar da ke gabanmu, inda nake hango mayafinta.

Da rana aka tsaya cin abinci kusa da kogi, dorinar ruwa na ta gurnani. Na same ta ita kaɗai na ce, "Mamana, ki yi haƙuri. Na yi kuskure."

Ta amsa da Turanci. Abin da ta ce shi ne: "Abba, ba ƙaryar ce ta fi yi min zafi ba. Saurin da ka yi ne. Ko jim ba ka yi ba."

Gaskiya ta faɗa.

A wasan ƙarshe, a wata makaranta a garin Nakuru, na zauna a kujerar gaba. Ranar na fara kallonta tana kiɗa tun daga farko har ƙarshe. Na ga yadda yaran makarantar suka yi tsit, na kuma ga wani tabo a ƙarƙashin haɓarta, inda gogen ke zama. Shekara shida muna gida ɗaya ban lura da shi ba.

Mun sauka Landan ana yayyafi. Muna fitowa daga tasha ta wajen kasuwa, na karɓi akwatin gogen na rataya, sai muka yi kiciɓis da wani abokin sahuna a masallaci.

"Alhaji, sannu da zuwa! Wace tsaraba ce a wannan akwatin haka?"

Na gyara ratayar akwatin. Na ce, "Gogen 'yata ne. Kenya suka je wasa, na raka ta."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "To... madalla," da irin muryar da ka san zancen zai kai majalisa kafin magariba. Ya kai ɗin, kuma ga ni da raina.

Abin da tafiyar ta koya min ke nan: surutun mutane da na shekara shida ina gudu bai fi cizon sauro ba, amma saboda shi na yi wa 'yata raunin da ban san ranar warkewarsa ba. Har yau gaisuwarta a taƙaice take, kuma ban ga laifinta ba. Don haka ku da kuke karantawa, ku ji daga bakina: mai mayafin nan ta layin gaba, tawa ce.