Kwanon Tuffa da Ya Hana Mahaifiyata Tafiya

Wasu shekaru can baya, lokacin da na haifi 'yata ta fari, muna zaune a wani gidan bene na haya a garin Lanham, a Amurka. Mahaifiyata ta taso daga Kano don ta yi mini jego. Da farko ba ta da lokacin komai sai ruwan zafi da kunun kanwa da faɗa. Amma da aka yi suna, 'yan uwanmu na garin Manassas suka ci shinkafa suka watse, kowa ya koma aikinsa, sai gidan ya yi tsit.

Mama kuwa mace ce da a gida ƙofarta ba ta rabuwa da sallama. Sai ga ta a inda za a wuni ba wanda ya leƙo. Takan tsaya a taga ta ce, "Wai mutanen garin nan duk mutuwa suka yi ne?" Abinci ya daina shigarta. Ran nan tana shafa wa jaririya mai, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ki gaya wa mijinki ya gyara mini tikiti. Kina yin arba'in zan koma." Ba ta yi masa doguwar magana saboda kunyar suruki, komai ta bakina yake bi.

Mun shirya za ta zauna har sanyi ya wuce, ga hutuna na haihuwa ya kusa ƙarewa. Ni da nake ma'aikaciyar jinya, ina juya jariran mutane a asibiti hankali kwance, in zan yi wa tawa wanka sai in rasa ta inda zan kama ta. Na roƙa, na yi kuka, na haɗa ta da jikarta. Ta ce, "Ni ba kujera ba ce da za a ajiye a ɗaki a kulle."

Ana cikin haka wata rana da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa baƙar fata Ba'amurkiya da ƙofarta ke kallon tamu. Tun da muka tare, gaisuwar ɗaga hannu kawai ke tsakaninmu. Tana riƙe da kwanon tangaran mai murfi, da ɗuminsa. Ta ce ta ji kukan jariri, kuma a garinsu ba a haihuwa a bar mai jego haka. Soyayyen tuffa ne. Na tambaye ta abin da ke ciki, ta ce bota ce da jan sukari da kirfa, shi ke nan.

Da na fassara wa Mama sai ta riƙe haɓa. "Tuffa suke soyawa? Tuffan da ake saya ɗaya a kai wa mara lafiya asibiti? Kai, Allah Ya shirya!" Ta ɗanɗana da bakin cokali don kada a ce ta ƙi. Ta ce ba laifi, sai dai ba yaji. Na shiga na shayar da yarinya, kafin in fito kwano ya koma fes.

Na wanke shi na nufi ƙofa. Mama ta daka mini tsawa, "Ke! Ina za ki da kwanon mutane haka wayam? Haka na rene ki? Boko ya cinye miki kai!" A daren ta jiƙa wake, da safe ta tashi ta soya ƙosai, ta cika kwanon ta ce in kai. Na kai, na dawo, na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe yanzu aka fara. Washegari sai ga kwano ya dawo da burodin masara. Na ce wa dattijuwar ai da ba ta wahalar da kanta ba. Ta yi dariya ta ce kakarta da ta rene ta a kudancin ƙasar, in ta ji ta mayar da kwano ba komai, sai ta taso daga kabari ta ja mata kunne. Da Mama ta ji haka ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Au, ita ma ta san wannan? To mu zuba."

Jama'a, na ga abu! Masa ta tafi, wainar dankalin Hausa mai zaƙi ta dawo. Funkaso ya tafi, tuffa ya sake dawowa. Ni ce ɗan aike, mai jego guda, ina zirga-zirga tsakanin ƙofa biyu. Maigidana ya yi ta ƙiba yana sa wa yaƙin albarka. Duk da haka maganar tikiti ba ta mutu ba, har Mama ta fara ninke zannuwanta a akwati.

Sai rannan ta ce ita ma za ta soya tuffan, ta nuna wa baiwar Allah yadda ake yi. Na ce bari in tambayo mana. Ta harare ni. "Ni za a koya wa suya? Tun ba a haife ki ba nake suya." A wajen Mama suya ɗaya ce: ta tuttula man gyaɗa rabin tukunya kamar za ta yi ƙosai, ya yi zafi, ta watsa yankakken tuffa. Mai ya riƙa tsalle yana fallatsa, muka ja da baya muna salati. Abin da ta tsamo ko kare ba zai shinshina ba, ya sha mai ya lagwaɓe. Na ƙunshe dariya har cikina ya yi ciwo. Ta dubi tukunyar ta ce, "Tuffan nan ne ba shi da kyau."

Ƙaurin ne ya fito da maƙwabciyarmu. Ta shigo, ta leƙa tukunya, ta dubi Mama, Mama ta dube ta, sai su biyun suka kwashe da dariya har da riƙe bango. Ta koma ɗakinta ta ɗauko baƙin kaskonta na ƙarfe. Ta feraye tuffa, ta yanka da ɗan kauri, ta narka bota kaɗan a wuta marar ƙarfi, ta zuba. Da ya fara laushi ta barbaɗa sukari da kirfa, tana juyawa a hankali har ruwan ya yi danƙo kamar zuma. Na matso zan yi tafinta, Mama ta ture ni da gwiwar hannu. "Je ki ji da 'yarki, muna ganewa."

Ina ɗaki na ji ƙarar ɗan turmi. Mama ce ta kwance ƙullin kayan yajin jegona: citta, kanumfari, masoro, har da ɗan barkono. Ta barbaɗa a kaskon. Ƙamshin da ya tashi har yau ban manta shi ba. Dattijuwar ta kai cokali ɗaya baki, ta yi tari, hawaye ya zubo, ta kurɓi ruwa. Sai ta miƙo faranti a ƙara mata. Mama ta tafa hannu ta ce, "Yauwa ƙawata! Yanzu kika ci abinci."

Daga ranar aka sallame ni daga aike. Mama ke yafa mayafi ta kai kwano da kanta, ta zauna can har in fara cigiya. Ɗaya na Hausa, ɗaya na Turanci, ban san me suke fahimta ba, amma ta dawo ta ba ni labarin mijin matar da ya rasu da ɗanta da ke soja, kuma da na bincika duk haka ne.

Ana gobe arba'in maigidana ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Mama, yau zan kira masu jirgi, wace rana za a sa?" Na sunkuyar da kai. Da safen nan kwano ya dawo mana cike. Mama ta dubi gefe ta ce mini, "Gaya masa ya dakata tukuna. Ina zan tafi da kwanon mutane a hannuna?" Na shige banɗaki na kunna famfo na yi kukana na daɗi.

Ta zauna har sanyi ya wuce. Ranar tafiya ta cika kwanon ta kai tun da sassafe, ta dawo tana murmushin wadda ta ci gasa. Muna saka akwatuna a mota sai ga dattijuwar tana saukowa daga bene da kyar, kwano a hannu, cike da tuffa mai yaji irin na Mama. Ta ɗora mata a cinya ta rufe ƙofar mota da kanta. A hanyar filin jirgi muka cinye, kwano kuwa ya bi Mama Kano.

Ni da na yi shekaru ina cewa mutanen nan ba su san maƙwabtaka ba, ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Har yanzu in kaka ta yi, tuffa ya cika kasuwa, nakan soya da citta da kanumfari, in zuba a kwano in tsallaka ƙofar maƙwabta.

Bayan ta isa gida na kira ta na ce ta bar kwanon kawai, zan saya wa matar wani. Ta ce, "Ke dai ba ki da hankali. Ki fara nema mini tikitin baɗi."