Dutsen Ruwa da Garin da Muka Gina a Tsakar Gida

A Yamai na koyi wasan, lokacin da aka tura mu horon malamai. Wani abokin ɗakina ne ya nuna mini. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, shi ke faɗin yadda duniyar take, da garuruwanta da mutanenta. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, sai a jefa ƙwayar lido, irin mai ɗigo-ɗigon nan. In ta ba da babba abin ya yiwu, in ta ba da ƙarami ya ɓaci. Ba a zuba ko sisi, ba mai ci, ba wanda aka ci.

Da na dawo Filinge na rasa abokan yi, sai na juyo kan mutanen gidana. Matata unguwarzoma ce, ta ce za ta gwada in ba ta da aiki. Ƙanenta direba ne, yana jigila tsakanin nan da Baleyara, shi kuwa duk abin da zai ba shi damar tsokanata yana so. Na ukun yayana ne, manomi daga ƙauyenmu na Kurfai, wanda yakan zo ya yi rani a wurinmu yana sayar da harawa. Shi ya fi ba ni wahala. Da ya ji akwai sihiri a ciki sai ya ɗaure fuska. Na ce masa ba wanda zai karanta komai ko ya kira wani abu, tatsuniya ce kawai da kowa ke da baki a cikinta. Ya ce zai zauna ya gani, in bai gamsu ba ya tashi.

Muna zama ne ranakun da babu lakwal, wato makaranta, bayan la'asar, a ƙarƙashin bishiyar bedi da ke tsakar gida, shayi na kan wuta. Yayana ya zaɓi maharbi, matata mai magani, ƙanenta kuma bafatake.

Na shirya musu tafiya mai nisa. Akwai wani dodo a kogo, can bayan hamada, na daɗe ina tsara shi, har launin idonsa na sani. Don su iya ratsa hamadar, sai na sa wata tsohuwa ta ba su dutse: duk inda aka binne shi ruwa zai ɓuɓɓugo. A nufina guzuri ne. Amma da na gama bayani sai yayana ya ajiye kofin shayi ya tambaye ni, garin da suka fito, ba na ce yana kan tudu ba, rijiyarsa kuma mai zurfi ce? Na ce haka ne.

"To mi za mu yi wurin dodo?" in ji shi. "Mu koma gida da abinga. Dodon bai ci ma kowa komi ba."

Sauran biyu suka goyi bayansa. Haka suka juya, kuma har muka daina wasan ba wanda ya ƙara tambayar dodona.

Bafataken ne ya kawo shawarar a fasa dutsen, kowace unguwa ta samu ɓari. Na ce yana iya lalacewa. Ya ce a jefa. Ƙwaya ta ba shi babba, dutsen ya fasu bai lalace ba, ya yi mini dariya har da buga cinya. Daga ranar aikina ya sauya. Ina cikin gyaran takardun ƴan lakwal sai in tsinci kaina ina tunanin abin da zai faru da garin da ruwa ya zama ba wahala a cikinsa. Wa zai ƙara sayen guga da igiya? Ina masu haƙar rijiya za su nufa? Makiyayan da ke sauka bakin rijiya su ba da nono su karɓi hatsi, in sun samu nasu ɓarin dutsen, me zai kawo su gari? Duk wanda na tuna sai in kawo shi zama na gaba, in sa shi ya zo da kukansa.

Abin da ya ba ni mamaki, ba su taɓa cewa a sake neman wani sihirin ya gyara ba. Da masu haƙar rijiya suka zo, yayana ya ce mutanen da suka san ƙasa haka ba za su zauna banza ba, su haƙa magudanai zuwa gonaki. Da ruwa ya fara kwanciya a lunguna, matata ta riga ni magana, ta ce sauro na tafe, ta sa masu ginin tukwane su gasa bututun yumɓu a rufe hanyar ruwan. Ita ce kuma ta lura da cewa garin a kan tudu yake, ruwan na gangarowa da ƙarfi. Ta tambaya ko maƙera da masassaƙa za su iya haɗa wata ƙafa irin ta amalanke da ruwa zai dinga juyawa, ita kuma ta juya dutsen niƙa. Aka jefa, ƙwaya ta ƙi. Ta ce su sake gwadawa da itace mai ƙwari. A karo na gaba ya yiwu, matan garin suka huta da daka. Sai ta dube ni ta ce kada in manta, a bakin rijiya da gindin turmi mata ke jin labarin juna, yanzu na raba su da duka biyu, sai a gina musu rumfa kusa da maniƙar. Na ce ai ba ni na raba su ba. Ta ce ko ma wane ne, a gina.

Ni na ɗauka sihiri zai kashe sana'a. A hannunsu sai ya zama sana'o'in ne suka ƙaru, har bafataken ya fara kai bututun yumɓu wasu garuruwa.

Sannan na kawo abin da na daɗe ina juyawa a raina. Duk wanda ya girma a ƙasarmu ya san bambancin mai zama a kwari, inda ruwa ke kusa, da mai zama a tudu. Sai na ce dutsen ba ya ƙirƙirar ruwa, janyo shi yake daga wani wuri. Rijiyoyin mutanen kwari sun fara ƙafewa, lambunansu sun bushe, ga su nan sun hau tudu ɗauke da baka da kibau.

Ƙanen matata ya ce a rufe ƙofar gari. Yayana ya ce a'a, mutanen nan suna da gaskiya, maharbinsa zai ajiye baka ya fita ya same su hannu sake. Na gaya masa akwai haɗari. Ya ce ya sani. Ya jefa da kansa, ƙwaya ta tsaya a kan mafi ƙanƙanta.

Ina iya sassautawa, ni ke riƙe da labarin, kuma yayana ne. Na dube shi, ya gyaɗa mini kai alamar in faɗi abin da ya kamata. Na ce wani saurayi cikin mutanen kwari ya tsorata ya saki kibiya, maharbin ya faɗi, mai magani ta iso amma rai ya riga ya fita. Matata ta tashi ta shiga ɗaki wai za ta ɗauko sukari, ta daɗe ba ta fito ba. Yayana ya shanye shayinsa, ya sa takalmi ya tafi masallaci tun ba a kira magariba ba.

Na zaci ya bar wasan ke nan. Amma zama na gaba shi ya fara shimfiɗa tabarma. Na ce ya zaɓi sabon mutum, ko ɗan maharbin ko ƙanensa.

"Ba ni uban yaron da ya yi harbin," in ji shi. "Su ma suna da magana, kuma ba wanda ya ji ta."

Ranar ya yi magana mai tsawo da bakin mutanen kwari, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba ko a taron dangi. Yayana mutum ne mai shiru, yaro ne lokacin da aka cire shi daga lakwal don ya taimaki babanmu a gona, kuma tun daga nan yake ganin magana a gaban jama'a ta masu boko ce. Amma ya zauna a kan tabarmar nan ya jera abin da suka rasa, ya ba da haƙuri kan jinin da aka zubar ba tare da ya ƙasƙantar da mutanensa ba, ya kuma kawo sulhu: a dinga tono duwatsun wasu ranaku don rijiyoyin kwari su farfaɗo, a ja bututu ɗaya ya gangara musu, kuma kada a bar wa sarki ko wani gida riƙon duwatsun, a riƙa zagayawa da su. Bafataken ya yi ta ja-in-ja da shi kan ranakun, matata ta shiga tsakani. Ni da ya kamata in riƙe labari sai na koma mai sauraro. Ban ma ce a jefa ƙwaya ba, don ban ga abin da za ta ƙara ba.

Ba mu yi nisa bayan wannan ba ruwan farko na damina ya sauka. Yayana ya ɗaure kayansa ya koma ƙauye shuka, ƙanen matata kuma hanya ta riƙe shi.

Da kaka na je ƙauye sunan ɗiyar wani ɗan'uwanmu. Bayan an shafa fatiha ina neman inda zan zauna, sai na hangi yayana a gindin gawo, dattawa sun kewaye shi. Na matsa a hankali. Labarin garin tudu yake ba su, yana zana bututun a ƙasa da tsinke. Wani tsoho ya ce shi da yana can da bai yarda a fasa dutsen ba tun farko, wani ya ce ai fasawar ce adalci, musu ya kaure. Yayana ya bar su suka yi mai isarsu, sannan ya tambaye su, in su ne mutanen kwari, me za su karɓa su haƙura.

Da ya gan ni sai ya nuna ni da haɓa ya ce musu ga wanda ya ƙago duniyar. Na ce dutsen kawai na kawo, sauran aikinsu ne. Tsohon ya matsa mini wuri a kan buzunsa, ya ce in zauna, yana da tambaya kan makiyayan nan.