Buzun Malam

Ina cikin takaba lokacin da sufeton makarantu ya zo, kafin Bature ya bar ƙasar nan. Mijina ne ya kafa makarantar da ke jikin gidanmu a Zango. Ya rasu ya bar rufinta yana yoyo, ga damina ta matso, iyaye kuma sun fara maganar kai yaransu makarantar mishan ta wajen Manhyia. In gwamnati ba ta sa mu cikin makarantun da take tallafa wa ba, aikin Malam ya watse ke nan.

Ni ban yi boko ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Ina bayan ƙofa na ji sufeton, wani dogon Ba'asante, yana bayani tafinta na juyawa. Ya ce doka ba ta ba wa gini tallafi, sai makarantar da ke da kwamiti da manaja. Manaja kuwa shi ne mutumin da in gwamnati ta kira, zai amsa.

"To, wane ne manajanku?"

Dattawa na zaune kewaye da buzun Malam. A wurinmu ba a naɗe buzun malami, ba a kuma hawa matsayinsa, sai matarsa ta fita takaba. Duk suka juya suka dubi buzun. Yayan mijina ya ce, "Malam ne mana. Wa kuma?"

Tafintan ɗan unguwa ne, ya san komai. Ya juya maganar yadda take, bai ƙara ba.

Rana tsaka ce, har kiran mai koko ina ji daga titi. Sufeto ya cire hularsa, ya rusuna wajen buzun ya yi gaisuwa da Turanci. Ya karkata kai kamar mai sauraro. Ya gyaɗa. Ya sake gyaɗawa, har da ɗan murmushi.

Da ya miƙe ya ce wa tafinta, "Tsohon nan bai da yawan magana. Ya yarda. Amma ya ce kada a ɗora kwano sai an sauke bangon gabas."

Maganar bangon gabas ni kaɗai Malam ya faɗa wa, yana kwance, ina shafa masa man zafi.

Da yamma yayan mijina ya leƙo. "Amarya, ke kika gaya wa mutumin nan?"

"Yaya, da wane bakin? Ina takaba zan yi hira da baƙo?"

Tallafi ya zo. Aka sauke bangon, aka tarar gara ta cinye katakon ciki ƙaf, daidai inda ƙananan yara ke jingina. Ko yaro ɗaya bai tafi mishan ba.

Ranar da na fita takaba, dattawa suka aiko a naɗe buzun. Na ce su bari tukuna, gwamnati na iya sake kira.